Gashin da Iya Ta Ajiye Mini

Ba na son warin nan, kuma na daina ɓoyewa. Duk ranar da jikokina mata suka baje a tsakar gida suka buɗe robar farin man da suke laftawa a kai, wai don gashi ya miƙe ya kwanta kamar jelar doki, sai in naɗe tabarmata in koma bayan ɗaki wurin awaki. Gara mini warin awaki. Daga can nake jiyo su suna tsaki suna fifita kai da murfin kwano, wannan ta ce ya fara cizo, waccan ta ce ki daure, saura kaɗan. A daure wa me? Wuta ce fa suka sayo da hannunsu suka ɗora a ka. In an wanke, gashin da ya rage ya koma kamar gemun masara, gaban goshi ya yi ta ja da baya har mutum ya rasa inda fuska ta ƙare. Sa'an nan a tafi kasuwar Madawa a sayo wani gashin cikin leda, wanda ba a san kan da ya fito ba, a ɗinka shi bisa na Allah, a bar shi wata da watanni ba wanki ba shan iska, ana ta bubbuga kai da tafin hannu saboda ƙaiƙayi. Ran nan na yi magana, sai ƙaramarsu ta ce, "Kaka, ke dai kishi kika yi, tunda ke kullum kanki cikin kallabi shike." Suka kwashe da dariya. Na bar su da dariyarsu. Ba su taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin kallabin ba. Daga tsakar kaina zuwa kunnen hagu babu ko tsinke ɗaya na gashi, sumul yake kamar bayan ƙwarya, tun ina yarinya. Amma ba tabon ne ke ci mini rai ba, na saba da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne tsohuwar da aka ɗora wa laifinsa.

Ƙauyenmu a bisa dutse yake, tsakanin Buza da Tabotaki. Ruwa sai an gangara kwari, a jawo da guga, a hawo da tulu a ka ana haki. Duk da haka ban taɓa ganin macen da ta bar kanta ya yi tsami ba, don abin kunya ne da ke bin mace har ɗakin mijinta. Yanzu ga famfo a tsakar gida, ga sabulai iri-iri masu ƙamshin turare, amma yarinya ta gifta ki sai kin kau da hanci. Mu da karkashi muke wanke kai. A tsinko ganyensa da damina a shanya, a daka, in za a yi wanki a jiƙa ɗan kaɗan cikin ƙwarya har ruwan ya yi yauƙi. Shi za a cuɗa kai da shi, ya fitar da ƙasa da amosani, ya bar gashi da laushi, mataji ya wuce ba tare da ya tsinka ba. In ya sha iska sai man shanu. Da hantsi muke jiyo muryar Fulani mata tun daga bakin gari, ƙoren nono a ka, man na yawo a ciki curi-curi. Innarmu takan karɓa ta ba su hatsi, ta soya shi har ya daina kuka a wuta, ta jefa masa kanumfari don ya kashe ƙarnin. Ba a lafta shi a bisa gashi kamar mai yaɓen ɗaki. A tsaga ake bi da ɗan yatsa, tsaga bayan tsaga, don fatar kai ce ke ci, ba gashin ba.

Akwai kuma ƙananan dokoki da ba wanda ya zaunar da mu ya karanta mana, a bakin manya muke tsintarsu tare da ranƙwashi. Ba a sussuka ko shiƙa da kai a buɗe, ƙaiƙayin gero ya shige kitso. Ba a ɗaukar tulu ba gammo, ya cinye tsakar kai. Ba a aron mataji, ko na 'yar uwarki ne. Ba a kitsa jiƙaƙƙen gashi. Ba a kwanciya sai an ɗaure kai, don tabarmar kaba na tsinke gashi a hankali kamar ɓera. Kuma kitso in ya tsufa a tsefe shi, ko da ba biki ba salla. Wanda ya ji wannan yanzu sai ya ce wahala ce. Ba wahala ba ce, lokaci ne kawai yake so, mu kuwa muna da shi.

Duk wannan ilimi yana da gida a garinmu, gidan Iya mai kitso. Ba ta haifi kowa a cikinmu ba, 'ya'yanta ba su rayu ba, mijinta ma ya rasu tun ban yi wayo ba, amma kowa Iya yake ce mata. Siririyar tsohuwa ce mai dogayen yatsu, goro kullum a kumatu. Akwai wata aduwa a ƙofar gidanta, nan take shimfiɗa buzu bayan an gama daka, ta miƙe ƙafa, mu yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya muna kifa kai a cinyarta. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar tsinkenta yana tsaga, da kukan kurciya a bisa aduwar, da hirar matan da ke jiran layi suna ɓarar gujiya. Warin zanenta hayaƙi ne da man shanu. Hannunta ba ya ja. In uwa ta ce a matse wa ɗiyarta kitso don ya daɗe, sai Iya ta ce, "Gashin goshi jinjiri na, ba a ja mashi kunne. In kina son abin da ka daɗewa, tahi ki yi mata aski." In yarinya ta faye mutsu-mutsu ta ce a yi sauri za ta wasa, sai ta ɗan dungure ta ta ce, "Sauri ya haihi nawa. Kwanta." Ta san kan kowa a garin fiye da yadda uwayenmu suka sani. Takan taɓa gashin mace ta ce mata ta ƙara cin abinci, ko ta raɗa mata cewa ciki gare ta tun ita ba ta gaya wa kowa ba.

Abu ɗaya ne game da Iya da ba a faɗa a gabanta. Gidansu gidan anna ne, masu bin addinin kakanni tun kafin salla ta game gari. Mijinta shi ne na ƙarshe da ke hawa dutse da baƙin bunsuru in ruwa ya ƙi zuwa. Ita kam tana salla kamar kowa, tana azumi, da carbinta a wuya. Amma mutanen garinmu suna da wata irin mantuwa: sukan manta asalin mutum muddin yana yi musu amfani, su ajiye shi a gefe kamar sanda a bayan ƙofa, don ranar da za a bukata.

To, a wancan zamani ba a yar da gashin da mataji ya fitar. Cewa ake in tsuntsu ya yi sheƙa da shi mai kan ba za ta rabu da ciwon kai ba, in kuma ya faɗa hannun maƙiyi abin ya fi haka muni. Saboda haka in Iya ta gama taje ki, sai ta murza abin da ya fita ya zama ɗan curi ta danƙa miki, ki je ki cusa a ramin katangar gidanku. Amma mu 'yan mata masu yawan suma takan riƙe namu. Tana da 'yan goruna a rataye cikin ɗakinta, kowace da nata. Tana tarawa ne don ranar da yarinya za ta isa a yi mata doka, kitson nan na manya mai tudu a tsakiya, wanda sai an cusa masa abu a ƙasa yake tashi. Wasu tsumma suke cusawa. Iya ta ce ba za ta sa wa ɗiyan mutane tsumma a ka ba alhali ga nasu na Allah. Uwayenmu duk sun san da haka, har godiya suke yi mata. Ni ce gorata ta fi cika, don sumata a lokacin in an tsefe har kafaɗa take sauka, baƙa wuluk, mai kauri. Iya kan ce, "Wagga ɗiya, ranar dokarki sai an hito kallo daga Babankatami."

Ana nan sai auduga ta shigo kwarinmu da ƙarfinta. Da ma muna shuka 'yar kaɗan don kaɗi, amma wannan ta gwamnati ce, da ma'aikatanta da kamyonta na ɗaukar kaya da famfon feshi da ake goyawa a baya. Ƙanen mahaifina, da muke kira Baba Ƙarami, shi ya manne musu. Shi ke goya famfon, shi ke ajiye bidon maganin, wato jarkarsa, a zaurenmu. Kafin damina ta raba ya sami baƙin tabarau, ya koyi cewa "bon" da "wala" irin na masu jin Faransanci, ya fara duban garin da aka haife shi kamar baƙon da mota ta lalace masa a ciki. Karatu bai yi ba ko na allo sosai, balle na lakwal, wato boko. Hoton ƙoƙon kan mutum da ke jikin bidon ma cewa ya yi alamar ƙarfin magani ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a wuyan wasu ya ɗaura nasa.

A daminar nan kwarkwata ta kama 'yan matan gari. Haka take yi in aikin gona ya yi yawa, uwaye suka rasa sukunin duba kan yara. Ni ta fi samu saboda yawan suma, na sosa har fatar kaina ta yi ƙwarzane. Inna ta tura ni wurin Iya. Iya ta tsefe ni, ta wanke da karkashi, ta bi da man maɗaci mai ɗaci da fatake ke kawowa, ta zauna da matajinta mai ƙananan haƙora tana fitarwa tana kashewa da farce, ƙas, ƙas. Gashin da ya fita ta murza ta sa a gorata kamar kullum. Ta ce kada a kitsa, in riƙa dawowa kowace yamma har ƙwan ya ƙare, don ƙwan ne mugun, ba uwar ba.

Washegari da hantsi ina zaune a tsakar gida da kai a tsefe, Baba Ƙarami ya shigo ya tsaya a kaina.

"Har yanzu wurin tsohuwag ga kuka kai ta?" ya ce wa Inna. "Bon. Ita da hwarce za ta kashe su ɗaya ɗaya har kaka? Ga aiki cikin gona. Maganin da ka kashe tsutsar auduga, mi a kwarkwata gare shi?"

Inna na bakin murhu ta ce, "A'a, a bar ta dai ta gama da Iya. Abin gona na."

"Na sa ma ɗiyana jiya, ko gezau. Ku dai ba ku son wayewa."

Gaskiya ne ya sa wa nasa, amma ɗigo ya yi cikin ƙwaryar ruwa, kuma maza ne masu ƙwal a kai, suka ruga kwari suka yi wanka. Ni kuwa ya dubi sumata ya ce irin wannan daji sai tsantsa. Ya tsiyayo a murfin bido ya kwarara mini a gefen hagu, ya cuɗa da tsumma, ya ce a ɗaure da kallabi kada ƙarfin ya fita. Inna ta tsaya tana kallo. Ƙanen miji ne, kuma mai tabarau. Warin ya fara hawa mini ka, sai zafi. Na ce yana cizo. Ya ce, "Wala, aiki shika yi. Daure." Kafin azahar na fara amai, yawu na zuba, ganina ya dushe. Abin da ya biyo baya labari aka ba ni: wai na faɗi ina shure-shure, idanu sun juye, haƙora sun datse. Da aka kwance kallabin fata ta riga ta tashi. Cikin kwanakin da suka biyo ta ɗuri ruwa ta ruɓe, gashin gefen nan ya riƙa fita tare da ita, damƙa-damƙa.

Duk wanda ke gidanmu ya san abin da ya faru. Warin bai bar ɗakin Inna ba sai da aka ƙone tabarmar. Amma mahaifina ya kira Inna gefe ya ce kada kalmar magani ta fita daga bakin kowa, don in ta kai kunnen ma'aikata, jandarmomi za su zo daga Buza su tafi da ƙanensa da igiya a ƙugu. Bai ce a ɗora wa kowa ba, Allah ya sani. Cewa kawai ya yi a yi shiru. To amma gari ba ya zama da shiru. Masu zuwa dubiya sun ga yarinya ta faɗi tana shure-shure, sun ga gashi na zuba, dole su sami dalili. Wata gwaggona da ta zo daga Ibohaman ita ta fara jefa tambayar, tana riƙe da haɓa.

"Wa yat taɓa kanta na ƙarshe?"

Baba Ƙarami na tsaye a bakin ƙofa. Sai wata maƙwabciya ta ce, "Ran nan dai na gane ta wurin Iya."

Gwaggo ta ce, "To, gashin da anka taje, ina shike? An ba ta ta kawo gida?"

Nan aka ɗauko sandar da ke bayan ƙofa. Kafin rana ta faɗi duk garin ya tuna cewa Iya ɗiyar anna ce, ya tuna baƙin bunsurun mijinta, ya tuna 'ya'yanta ba su rayu ba. Wata ta tuna ta taɓa yin ciwon kai bayan kitso. Wata ta tuna Iya ta faye yaba sumata. Matan da suka san amfanin gorunan nan sarai, waɗanda da bakinsu suka yi mata godiya, su ne suka shiga ɗakinta suka fito da su, suka fasa a gindin aduwa, suna salati suna ja da baya kamar sun ga maciji. Aka tara gashinmu aka cinna masa wuta. An ce Iya na zaune a kan buzunta ba ta tashi ba, abin da ta ce kawai, "Na dokarsu na. Kun sani." An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuwa yana tsaye cikin taron da tabarau a fuska.

Da na sami bakin magana na faɗa. Na faɗa wa gwaggo, na faɗa wa masu dubiya, na ce Baba Ƙarami ne ya zuba mini maganin auduga. Gwaggo ta girgiza kai ta ce, "Kun ji? Har bakinta an juya." Mahaifina ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba, ya ce in na sake kiran sunan ƙanensa ba shi ba ni. Na dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa. Na daɗe ina jin haushin wannan duban ƙasa fiye da tsawar.

Miki ya ƙi warkewa, aka yanke shawarar kai ni Madawa wurin 'yar uwar Inna, kusa da likita. Ana gobe tafiya, da rana tsaka mutane na gona, na lallaɓa na tafi gidan Iya. Gindin aduwar fayau, ba ɓawon gujiya ko ɗaya, sai baƙin wurin da aka yi wuta. Na yi sallama. Ta leƙo, ta gan ni da tsumma a kai, ta tsaya daga cikin ƙofa.

"Iya, na hwaɗa musu ba ke ba ta. Sun ƙi ji."

"Na sani, ɗiyata. Tun daga nan nika jin warin abin." Ta miƙo hannu kamar za ta taɓa kaina, sai ta janye shi ta ɓoye cikin zane. "Kada ki bari ƙuda su sauka. In ya warke, gehen da ya rage ki riƙa ba shi mai, kada ki yi hushi da shi. Koma gida maza, kada a gane ki nan a ce na ƙara maki."

Wannan hannu da ta janye, shi ne ban yafe wa garinmu ba. Mace ta yi shekaru tana riƙe da kawunansu a cinyarta, su mayar da ita mai tsoron taɓa kan yarinya.

Na daɗe a Madawa. Can mikin ya warke ya bar tabo, can na girma, can aka yi mini aure. Doka kam ba a taɓa yi mini ba. Labarin gida yakan zo jefi-jefi: wai mata sun koma kitsa junansu, wasu na tafiya har Tabotaki ranar kasuwa. Wai Iya ba ta fita sai ɗibar ruwa, in ta iso rijiya a janye yara. Baba Ƙarami kuwa ya zama babban mutum, har sahun gaba yake tsayawa a masallaci. Yanzu in na ji ana cewa mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah, sai in yi tsaki. Na san mutanen da. Karkashinsu da man shanunsu nake kewa, ba halinsu duka ba.

Wata kaka na zo ganin gida da goyo, kwana kaɗan da zuwana aka wayi gari Iya ta cika. Maza suka tafi haƙa kushewa, don wannan ba a ƙin yi. Amma wanka ya gagara. Matan gari suka taru a ƙofar gida kowace na gyara goyo tana duban wata. Sai na ga Inna ta tashi ta ɗaura ɗamara ta shiga. Na miƙa ɗana ga wata na bi ta da tulu.

Makitsiya ba ta iya kitsa kanta, kowa ya san wannan. Da can matan gari ne ke yi mata, wadda ta sami sarari ta zaunar da ita. Tun ranar gorunan ba wadda ta sake. Da Inna ta kwance kallabin sai ta ja numfashi. Gashin ya dunƙule ya zama abu ɗaya, fari da toka-toka, ya kafe kamar tsohon buzu, ga ƙasa, ga kwarkwata na gudu a ciki. Inna ta sa yatsa ta kasa ratsawa. Ita kuwa mace ba a sa ta a likkafani sai an warware mata kai an wanke an kitsa. Wata daga bakin ƙofa ta ce a kawo aska a huta. Inna ta ce ba za a kawo ba. Ta aike ni gida na ɗebo karkashi da man shanu. Muka zauna, ita ta ɗora kan a cinyarta, ni ina zuba yauƙin, muna warwarewa da tsinke kaɗan-kaɗan tun daga baki, yadda mai kan ta koya mana.

Rana ta ɗaga, maza suka dawo daga maƙabarta suka tsaya a bayan zana da makara. Aka yi gyaran murya, aka sake yi. Can sai muryar Baba Ƙarami.

"Wai mi kuka yi haka ciki? Ku yi sauri mana, rana na yi. Gashi na ɗai, ƙasa za ta ci."

Inna ba ta ɗaga kai ba, hannunta bai tsaya ba. Amma muryarta har bakin aduwa aka ji ta.

"Ka jira. Da saurinka kac cinye kan ɗiyata da maganin auduga, ina tsaye ina kallo, anka ce wagga baiwar Allah ta. Yau kam sai ka jira."

Matan da ke bakin ƙofa ba wadda ta ce ƙarya ne, ba kuma wadda ta yi mamaki. A nan na gane ashe duk sun sani, tun da daɗewa. Na so in ji sanyi a raina, ban ji ba. Maganar da Iya ta yi shekaru tana jira a faɗa ga ta an faɗa, da ƙarfi, a cikin ɗakinta, ita kuwa tana kwance ba ta jin komai.

Suka jira har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Muka gama warwarewa, muka wanke, muka bi tsaga da mai. Ashe suma gare ta har gadon baya, ban taɓa sani ba. Inna ta raba ta uku ta fara kitsawa tana kuka, ta manta tana ja. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, sassauta wurin goshin. Ba ta son a ja."